Maganin da ya ƙi jikata yana da suna, mu ne ba mu riƙe shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi shekara 31 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma a cikin birnin Zariya nake zaune. Ban saba rubuto wa jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata kwalbar sirof ce da na jefa a kwandon shara da hannuna ba tare da na karanta abin da aka rubuta a jikinta ba, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane karatu. Wata uku bayan haka wani likita ya tambaye ni sunan abin da ke cikin kwalbar nan, na tsaya ina kallonsa kamar ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba.

Jikata, wadda nake tsokana da kishiya, tana da wata 6 a watan Mayun bara lokacin da tari da gudawa suka kama ta. Babanta ya leƙa kemis ɗin unguwa, aka ba shi sirof, aka ce safe da yamma. Wajen kwana na shida sai ga ƙuraje jajaye a ƙirjinta da bayanta, leɓenta ya ɗan tsattsage. Kowa a gidan ya zama likita. Uwarta ta ce haƙori ne, ni na ce ƙurajen zafi ne tunda ana cikin bazara, maƙwabciyarmu ta ce ƙyanda ce ke son fitowa ta fasa. Daidai lokacin maganin ya ƙare, ƙurajen suka bushe da kansu, muka shafa mata hoda muka manta. Ranar da nake share ɗaki na ɗauki kwalbar na yar.

A farkon Agusta, tana da wata 9, zazzaɓi ya rufe ta cikin dare ana tsuga ruwa. Da gari ya waye babanta ya koma kemis ɗin nan, ya dawo da haɗi a ƙulle cikin 'yar leda, har da gutsuren wata farar ƙwaya da aka ce a murƙushe a cokali a ba ta sau ɗaya. Ba a yi gwajin jini ba. Washegari zazzaɓin ya ƙaru maimakon ya sauka, idanunta suka kaɗa suka yi ja, ta ƙi kama nono. A rana ta uku bakinta ya cika da ƙuraje masu ruwa, wasu tabbai baƙi-baƙi suka fito mata a wuya da ciki. Nan ma aka ce ƙyanda ce, kuma kun san yadda ake yi da ƙyanda a gidajenmu: a rufe yaro a ɗaki, kada iska ta taɓa shi, kada a kai shi ga allura. Muka ɓata wuni guda cur a kan wannan. Da almuru na sa hannu zan ɗaga ta, sai fatar hammatarta ta zame a ƙarƙashin yatsana kamar ɓawon tumatirin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ban jira shawarar kowa ba, na yafa mayafi na ce a nemo mai Napep. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, ma'aikaciyar tana ganinta ta rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika.

A sashen gaggawa na yara, likitan ya duba idanunta da bakinta, ya juyo ya ce, "Mama, wane magani kuka ba ta?" Na ce ƙwaya ce fara. Ya ce sunanta fa? Shiru. Ya ce, "Akwai maganin da ya taɓa fito mata da ƙuraje a baya?" Har na buɗe baki zan ce babu, sai uwarta ta tuna da na Mayu. Ya ce wane sirof ne? Nan ma shiru. A daren aka tayar da babanta ya koma cikin gari ya buga wa mai kemis ƙofa. Ya dawo da amsa biyu: sirof ɗin Mayu Septrin ne, ƙwayar Agusta kuwa irin Fansidar ce aka gutsura.

Likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa tsab, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce magungunan nan biyu, duk da ɗaya na ƙwayoyin cuta ne ɗaya na zazzaɓin cizon sauro, 'yan gida ɗaya ne, dukansu suna ɗauke da sinadarin da ake kira salfa. Akwai mutanen da garkuwar jikinsu ke ɗaukar salfa a matsayin abokin gaba. Karo na farko jikin yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako uku ko huɗu, kafin ya nuna ƙin amincewarsa. Idan aka sake kawo masa, ya riga ya gane fuskar baƙon, sai ya taso da sauri da ƙarfi, har ya juya yana cin fatar mai shi da fatar cikin baki da ta ido da ta al'aura. Sunan ciwon Stevens-Johnson, sunayen wasu likitocin yara biyu ne na Amurka da suka bayyana shi a 1922. Idan fatar da ta saluɓe ta wuce kashi 30 cikin 100 na jiki, ya ce ana ba shi wani suna dabam kuma haɗarin mutuwa ya ninka. Ta kishiyata ba ta kai nan ba. Ƙurajen Mayu, in ji shi, sallama ce jikin ya yi mana, ba mu amsa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a daren shi ne da sakamakon gwajin jini ya fito: zazzaɓin cizon sauron na nan daram a jininta. Wato gutsuren ƙwayar ya ƙone mata fata bai kuma kashe cutar ba. Sai a ranar na ji cewa tun 2005 Najeriya ta daina amfani da kulorokwin da Fansidar wajen warkar da zazzaɓin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin su, aka koma magungunan haɗin atemisinin irin su Coartem. Fansidar an bar shi ne don rigakafi, ga masu juna biyu a wurin awo da kuma yara a lokacin damina. Shekara 20 da sauya tsari, amma har yau ana gutsura shi da reza a ba jinjiri mai zazzaɓi.

To ga yarinya da magani ya kusa hallakawa, ga kuma cuta a jininta da ba a barinta ba magani. Uwarta ta fashe da kuka ta ce kada a ƙara sa mata komai. Ban ga laifinta ba. Likitan ya lallashe ta, ya ce, "Maman yarinya, salfa ne jikinta ya ƙi, ba magani duka ba." Tunda bakin ba ya haɗiya, aka sa mata allurar atisunet ta jijiya, wadda babu salfa a cikinta, gwargwadon nauyinta da aka auna a sikeli: ɗaya a lokacin, ɗaya bayan awa 12, ɗaya bayan awa 24. Na lura kowace allura aka yi, ma'aikaciyar jinya ba ta matsawa, takan tsaya tana kallon numfashinta na ɗan lokaci. Daga baya aka ƙarasa da Coartem mai narkewa, sau biyu a rana har kwana uku, ana bin sa da nono domin maiƙon nono na taimaka masa ya shiga jiki. Na kuma lura ba sa tara mata magunguna. Duk abin da ba dole ba an cire shi, wanda ya zama dole kuma ana shigo da shi ɗaya bayan ɗaya, don in wani abu ya taso a san mai laifi.

Sauran jinyar irin ta wanda wuta ta ƙona ce. Ƙarin ruwa, ɗumi, wanke ciwo da rufe shi da abin da ba ya mannewa, da wani siririn bututu ta hanci da ake zura mata nonon da uwarta ke tatsa. An hana mu shafa mata komai namu. Ƙanwata ta zo dubiya da man kaɗe da garin magani a ƙullin zane, na karɓa na gode, na sa a jaka ya kwana a can. Likitan ido yana zuwa kusan kullum, yana ɗiga magani yana raba fatar idon a hankali don kada ta manne, ya ce yawancin waɗanda ciwon nan ke bar wa tabo na har abada, a ido yake barin sa. Kwana 19 muka yi. Ba zan faɗi abin da aka kashe ba, amma babanta ya sayar da babur.

Zaman asibiti makaranta ne ga mai buɗe ido. Wata rana da hantsi aka shigo da wani yaro a guje, bai fi shekara ɗaya ba, an yi masa allura a wani wuri ba a fi minti 20 ba. Leɓensa da fatar idonsa sun kumbura, borin jini ya rufe masa jiki, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana busa sarewa, ya yi laushi a hannun uwarsa. Kafin in gama salati an soka masa wata 'yar allura a gefen cinya, aka sa masa iska. Cikin mintuna kaɗan yaron ya tsala kuka, uwar ta zube ƙasa tana godiya ga Allah. Da na tambaya aka ce adirenalin ke nan, kuma wannan shi ne ɗaya nau'in ƙin maganin, mai zuwa nan take. Namu mai tafiyar hawainiya ne, yana ɗaukar kwanaki; nasu kuwa mintuna ne tsakanin yaro da kabari. A irin nasu, in ji ma'aikaciyar, Piriton ba ya ceton rai, ƙaiƙayi kawai yake ragewa. Adirenalin ne farko, ana auna shi da nauyin yaro, ana iya maimaitawa bayan minti 5 in bai ji ba. Kuma ba su sallame shi a take ba duk da ya warware, suka ce abin yakan lafa ya sake dawowa bayan wasu awanni.

Tun ranar nake tambayar kaina, wurare nawa ne a Zariya ake yi wa jarirai allura, daga Sabon Gari zuwa Samaru zuwa lungunan cikin birni, waɗanda in abin nan ya faru babu adirenalin a kusa? Allura ce ƙarama, ba ta da tsada. Duk wanda ya yarda ya soka wa ɗan mutane allura, a ganina ya zama dole a ce tana cikin aljihun teburinsa, ba wadda ta lalace ba, kuma ya san adadin da ake ba jinjiri.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. A damina ma'aikata na bi gida-gida suna raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar tsarin a 2012 domin ƙasashe irin namu da zazzaɓin ke taruwa a watannin ruwa. Magani biyu ne: irin Fansidar ɗin nan da amodiyakwin a ranar farko a gaban ma'aikaci, sannan amodiyakwin kaɗai a rana ta biyu da ta uku a hannun uwa. Ranar da suka zo gidanmu a Yulin bara, uwar ta tafi da yarinyar biki ƙauye, shi ya sa ba ta sha ba. Ƙa'idarsu ita ce su yi tambaya kafin su bayar: ba a ba yaron da salfa ta taɓa yi wa illa, ba a ba wanda yake kan shan Septrin, ba a ba wanda ya sha irin maganin cikin mako huɗu da suka wuce, ba a ba mai tsananin ciwo. Ƙa'ida mai kyau. Amma da sun same ta a gida sun tambaye ni, "Hajiya, akwai maganin da ya taɓa ƙin ta?" wallahi da zuciya ɗaya zan ce babu. Ba ƙarya zan yi ba, iyakar sanina ke nan. Tambayar tana da amfani ne kawai ga gidan da ya riƙe suna.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tsohuwar Zariya ta ce a guji maganin damina. Ban ce ba. Da suka dawo a Satumba, ni na fito da yayyenta biyu na riƙe musu kofi suka sha, na nuna wa ma'aikatan takardar asibiti suka tsallake ita kaɗai. Ciwon da ya same ta ba kasafai yake faruwa ba, zazzaɓin cizon sauro kuwa kowace damina sai mun je gaisuwar yaron da ya ɗauke. Surukata ce dai har yanzu in ta ga farar ƙwaya sai jikinta ya ɗauki rawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ita kishiyar tawa, tunda wannan rigakafin ya haramta gare ta, mun koma ga gidan sauro kowane dare ba fashi, kuma duk ranar da jikinta ya yi ɗumi, kafin rana ta faɗi an tsaga yatsa an gwada. Sau ɗaya gwajin ya nuna akwai, ta sha Coartem lafiya lau. An kuma gargaɗi uwar cewa muddin tana shayarwa, duk inda za a ba ta Fansidar ko Septrin ta faɗi tarihin 'yarta, don salfa na bi ta nono.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda mu tsofaffi muka fi laifi a kai. Duk abin da magani ya yi mana sai mu ce bai karɓe mu ba. Ni kaina a zamanin kulorokwin, in na sha sai in kwana biyu ina susa kamar an zuba mini ƙaiƙayi a zane, kuma rabin mutanen da na sani haka suke. Wannan ƙaiƙayin sananne ne a tsakanin baƙar fata, yana da ban haushi amma ba ya saluɓe fata, ba ya toshe numfashi. Haka yaron da ya yi amai bayan ya sha amodiyakwin saboda ɗacinsa. In muka tara waɗannan duka a kwando ɗaya da abin da ya sami jikata, asara biyu za a yi: a hana yaro maganin da zai cece shi a kan ɗan amai, sannan ranar da uwa ta zo da ƙorafi na gaske ma'aikaci ya ɗauka irin wancan ne. Abin da aka koya mini in tsorata da shi: kumburin fuska ko leɓe, numfashi mai ƙara, yaro ya yi laushi, ƙuraje tare da jan ido da ciwon baki, fata mai ruwa ko mai zamewa, da fitsari mai duhu kamar shayi ko ido ya yi rawaya. Kowanne aka gani, a tsayar da maganin, a ɗauki yaro a ɗauki kwalin a tafi tare.

Da ta cika shekara aka zo maganar maganin tsutsar ciki. A unguwarmu akwai masu ɗura wa ɗan wata biyar maganin tsutsa don kawai yana murɗe-murɗe da dare, alhali sai yaro ya cika wata 12 ake fara ba shi a bisa tsari, kuma tsakanin shekara ɗaya da biyu rabin ƙwayar albendazol ne, miligiram 200. Likita ya tabbatar mana ba dangin salfa ba ne. Duk da haka da safe muka ba ta, a ranar da ba ta shan wani abu dabam, a ranar da babanta ke gida, na zauna ina gadinta har azahar kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ba abin da ya faru sai barci.

Malam Edita, roƙona ga hukumomin lafiya ƙarami ne. Katin rigakafi shi ne takarda ɗaya da kusan kowace uwa ke adanawa, wata a ƙarƙashin katifa, wata a cikin kwalla. A ware wuri a fuskarsa, babba, da za a rubuta maganin da ya ƙi yaro da abin da ya yi masa, kuma duk mai ba jinjiri magani ya saba da cewa "ina kati?" kafin ya miƙa hannu ga kanta. Masu rabon damina kuma a koya musu tambayar da bakin mutane: ya taɓa shan wani sirof ƙuraje suka fito masa? bakinsa ya taɓa yin ciwo bayan magani? Da haka aka tambaye ni, da na tuna da Mayu. Na ji a asibiti cewa NAFDAC na da wata takarda mai launin rawaya ta kai rahoton illar magani, har da manhajar waya mai suna Med Safety, kuma an cike wa jikata ɗaya. Kafin ranar ban taɓa jin labarinta ba, ni da rediyo ba ya mutuwa a ɗakina.

Masu kemis kuwa, ban zo in ci mutuncinsu ba. Wanda ya ba mu maganin yaron unguwa ne, na san uwarsa, kuma da ya ji abin da ya faru har Shika ya zo dubiya yana sharar hawaye. Da tsakar dare, ko ranar da babu kuɗin mota, su ne asibitin talaka. Amma haɗi a leda ba suna, ga jinjirin da ba a auna nauyinsa ba, ba a gwada jininsa ba, wannan ya kamata ƙungiyarsu da kanta ta hana. In sun sayar, su bar maganin a cikin takardarsa, ko su rubuta sunan a ɗan kwali su sa a ledar. Ko uwar ba ta iya karatu ba, wanda zai karanta yana gaba.

Ni dai na sayi jan biro. Na rubuta a kati da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, cewa ba ta shan Septrin, ba ta shan Fansidar, ba ta shan duk wani mai salfa, na kai Tudun Wada aka rufe mini shi da roba guda uku. Ɗaya na manne da katin rigakafinta, ɗaya na jakar uwarta, ɗaya na aika wa kakanninta na wajen uwa a ƙauye, inda na fi jin tsoron wani mai tausayi zai ba ta abu in ta je hutu. Yayanta mai shekara huɗu da rabi ya haddace shi kamar karatun allo, har baƙi yake tarewa a zaure yana faɗa musu. Farcenta biyu da suka fita sun sake tsirowa, tabban jikinta suna ta dushewa. Idon hagu ne har yanzu yake zubar da hawaye in hunturu ya shigo, kuma wata mai zuwa za mu koma wurin likitan ido.

Wassalam.

Wata kaka, malamar firamare mai ritaya,
Birnin Zariya.